Yadda za ka gyara kallon da kake wa farin ciki idan wata jarrabawa ta same ka

Mutum biyu kan rasa aiki rana ɗaya, ɗaya ya shige ɗaki ya daina magana, ɗayan kuwa bayan mako biyu ya fita nema. Masana halayyar ɗan Adam Richard Lazarus da Susan Folkman sun bayyana a 1984 cewa nauyin damuwa ya dogara ne da yadda mutum ya fassara abin da ya same shi, da ko yana ganin yana da abin tunkararsa. Abin da mutum ya ɗauka shi ne farin ciki yana cikin wannan fassarar.

Fara da gano naka. Ɗauki takarda ka ƙarasa wannan jimla: "Ba zan ji daɗin rayuwa ba sai..." Idan amsar abu ɗaya ce tak, aiki ko aure ko lafiya, to ka rataya komai a ƙusa guda. Ranar da ta cire, sai ka ga kamar duniya ta ƙare. Ƙara abubuwa uku da ba su dogara da abin da ka rasa ba, kamar wani da kake kula da shi, ko sana'ar da hannunka ya iya.

Sai ka duba ko kana cikin masu ganin farin ciki shi ne rashin baƙin ciki kwata-kwata. Wannan ya fi ɓarna. Mai irin wannan tunani yana fama da raɗaɗin abin da ya faru, sannan yana zargin kansa don ya ji raɗaɗin. Binciken Iris Mauss da abokan aikinta a 2011 ya nuna waɗanda suka fi ƙwallafa rai a kan sai sun yi farin ciki sukan fi ƙarancin jin daɗi, a lokacin da lamura ke tafiya daidai. Akwai kuma masu tsoron dariya, suna cewa kuka ne zai biyo baya; su ma suna toshe wa kansu hanyar hutu.

Bayan haka, raba matsalar gida biyu a takarda: abin da hannunka zai iya canzawa, da wanda ba zai iya ba. Na farko yana son aiki, mataki ɗaya a rana, kamar kiran waya ko rubuta takardar neman aiki. Na biyu, irin mutuwar makusanci, yana son a bar zuciya ta yi jimami. Kuskuren da aka fi yi shi ne cuɗa su: a zauna ana kuka a kan bashin da za a iya tsara biyansa, ko a yi ta neman dabarar da za ta kashe kewar mamaci.

Ga jimamin, kana iya gwada hanyar masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker: rubuta abin da ke ranka na minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu a jere, ba don kowa ya karanta ba. Jin nauyi na ɗan lokaci bayan rubutun ba matsala ba ne. Kada dai ka fara a ranar da abin ya faru, kuma in ka ga kana maimaita jimla ɗaya kullum, tsaya.

Kada ka jira sai ranka ya yi daɗi kafin ka motsa. Sa wa tafiyar minti 20 ko ziyarar aboki lokaci, ka cika ko ba ka so. Idan rashin barci, rashin cin abinci da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ka ga likita. In tunanin kashe kai ya zo, a ranar za ka je.