Yadda Ake Zaɓar Sigar Shuɗaɗɗen Lokaci ta Aikatau Marasa Bin Ƙa'ida a Turanci

A Hausa, aikatau ba ya sauya siffa domin nuna cewa aiki ya riga ya wuce. Wakilin sunan da ke zuwa kafinsa ne yake ɗauke da lokaci, shi ya sa muke cewa "na tafi", "zan tafi" da "nakan tafi", alhali kalmar "tafi" tana nan yadda take. Turanci kuwa a jikin aikatau yake sanya alamar lokaci. Galibinsu ana ɗafa musu "-ed" a ƙarshe, kamar yadda "walk" yake komawa "walked", amma akwai kimanin 200 da ba sa bin wannan ƙa'ida, kuma babu yadda za a yi a kauce musu, domin su ne aka fi amfani da su a maganar yau da kullum, irin su "go", "come", "see", "take", "give" da "eat".

Abin farko da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu yana da sigogi uku, kuma tare ake haddace su: "go, went, gone", "see, saw, seen", "write, wrote, written". Duk ƙamus mai inganci yana jera su a wajen kalmar. Sai dai haddar ba ta wadatarwa, domin ɗalibai da yawa sun san jerin da ka, amma idan aka zo rubuta jimla sai su ɗauki siga ta uku su ajiye a gurbin ta biyu.

Maganin wannan shi ne a duba kalmar da ta zo kafin aikatau ɗin. Idan babu wata kalmar taimako tsakaninsa da mai aikin, siga ta biyu ce ke aiki: "Musa wrote the letter yesterday". Idan kuwa "have", "has" ko "had" ta gabace shi, to, dole siga ta uku ta biyo baya: "Musa has written the letter". Haka ma idan jimlar ta fara da abin da aka yi wa aikin, kamar "The letter was written in Kano". Saboda haka "I seen him" kuskure ne, "I have saw him" ma kuskure ne, domin siga ta uku ba ta tsayawa ita kaɗai, ta biyu kuma ba ta karɓar kalmar taimako. Akwai ƙarin alama mai amfani: idan an ambaci takamaiman lokacin da ya wuce, kamar "yesterday" ko "in 2015", siga ta biyu ake so, don haka "I have seen him yesterday" ba daidai ba ne.

A wajen tambaya da korewa aka fi yin tuntuɓe. Kalmar "did" ita ce take ɗaukar lokaci a nan, don haka aikatau yakan koma sigarsa ta farko: "Did you go?" da "I did not go", ba "Did you went?" ba. Wannan bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba, tunda tsarin ya yi kama da na harshensa, inda kalma ɗaya take riƙe lokaci, aikatau kuma ya zauna ba sauyi.

Wajen hadda, ya fi sauƙi a rarraba su gida-gida bisa sautinsu maimakon bin jerin abacada. Wasu wasalinsu ne kawai yake sauyawa: "sing, sang, sung", "drink, drank, drunk", "begin, began, begun". Wasu sigarsu ta biyu da ta uku ɗaya ce: "buy, bought", "bring, brought", "think, thought", sai "teach, taught" da "catch, caught" waɗanda ake rubutawa da "au". Wasu kuma ba sa sauyawa sam, irin su "cut", "put", "hit" da "shut", shi ya sa "putted the book" ba Turanci ba ne. Amma a yi hattara da kwatanci, domin "bring" ya yi kama da "sing" a kunne, duk da haka gidansu daban.

Akwai 'yan kalmomi da suka cancanci a tsaya a kansu. "Lie" mai ma'anar kwanciya sigoginsa su ne "lie, lay, lain", "lay" mai ma'anar shimfiɗa ko ajiye wani abu shi ne "lay, laid, laid", sannan "lie" na yin ƙarya yana bin ƙa'ida: "lied". Wanda ya kwanta a kan tabarma jiya zai ce "I lay on the mat", wanda ya shimfiɗa ta kuma ya ce "I laid the mat". "Found" ita ce shuɗaɗɗiyar sigar "find", amma idan ana maganar kafa makaranta ko ƙungiya sai a ce "founded". "Read" rubutunsa ba ya sauyawa, furucinsa ne yake komawa irin na "red".

Wani bambancin kuma na ƙasa ne, ba kuskure ba. A Birtaniya ana rubuta "learnt" da "learned" duka, Amurkawa kuwa "learned" suka fi amfani da ita, kuma suna cewa "gotten" inda Turawan Ingila suke cewa "got". Tunda makarantun Nijeriya da Gana salon Birtaniya suke bi, mai shirin jarrabawar WAEC ya tsaya a kansa, kada ya gauraya salo biyu a rubutu ɗaya.

Bayan an gama rubuta insha'i ko wasiƙa, sai a sake bin ta jimla-jimla, a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, a duba kalmar da ta gabace shi. Inda aka ga "did" sai a tabbatar siga ta farko ce ta biyo, inda aka ga "have", "has" ko "had" ta uku, inda babu wata kalmar taimako sam kuma ta biyu, sannan duk kalmar da aka yi shakka a kanta a buɗe ƙamus kafin a miƙa takardar.