Yadda za ka shirya wa hoton CT na jijiyoyin zuciya kar kuɗinka ya tafi a banza

Da farko ka tambayi likitanka wane hoto ya rubuta, don da yawa suna zuwa mana da takarda su ce "hoton zuciya" kawai, alhali kala-kala ne. Akwai na ƙirgen kalsiyam da ya taru a bangon jijiya, ba allura, lamba kawai yake bayarwa ta tsarin Agatston, 0 ba a ga komai ba, 400 zuwa sama kuma abin ya taru sosai. Matsalarsa ba ya ganin kitse mai laushi da bai ƙanƙare ba, kuma irin wannan ne yake fashewa ya toshe jijiya kwatsam. In akwai ciwon ƙirji, ni a wurina CT mai allurar kala, wato ruwan da ake sa wa ta jijiya don hanyoyin jini su fito a hoto, shi ne magana.

Na biyu, gwajin ƙoda kafin ranar, ka zo da sakamakon a hannunka. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, ko mai asma ya faɗa tun wuri.

Toh ga inda ake faɗuwa, bugun zuciya. Jijiyoyin nan ƙanana ne, milimita 3 zuwa 4, kuma zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, shi ya sa muke so bugun ya sauko 60 zuwa 65 a minti. Kwana ɗaya kafin nan ba kofi, ba shayi, ba lemon ƙara kuzari, kuma dan Allah ba goro, duk suna ɗaga bugun. Goro mutane suke mantawa da shi. Wani dattijo ya taso tun asuba daga Dukku, ya yi azumin abinci yadda aka ce, amma yana ta taunar goro a mota har Gombe wai kar barci ya ɗauke shi, muka ɗaura masa waya a ƙirji sai ga 92, aka ba shi metoprolol, maganin rage bugun zuciya, muka jira fiye da awa ɗaya yana zaune yana jan carbi, bai sauko yadda ake so ba, ƙarshe sai wata rana, ga kuɗin mota ga ɗansa da ya baro shago. Na ce masa, Baba ai goron nan ne, ya ce ɗana, goro kuma abinci ne?

Wani abin da maza ba sa faɗa, maganin ƙarfin maza. Ana sa ƙwayar nitrogilisarin ƙarƙashin harshe don jijiya ta buɗe, in ta haɗu da Viagra jini zai iya faɗuwa ƙasa sosai, kuma wasu haɗe-haɗen kasuwa da shi a ciki. Ka ja ma'aikaci gefe ka gaya masa, ba kunya a nan.

Sai riƙe numfashi. Ka gwada a gida, daƙiƙa 10 zuwa 15, ba haɗiyar yawu, ba motsi. In kalar ta shiga za ka ji ɗumi har mara kamar fitsari ya kubce, bai kubce ba, ka kwanta abinka.

An gama ka sha ruwa sosai. In hoton ya nuna jijiya ta tsuke kamar kashi 70, ko kalsiyam ya yi yawa har ya rufe gani, sai a tura ka anjiyogiram, hoton da ake zura siririn bututu cikin jijiya har zuciya, ta hannu ko ta cinya. A can ne ake zura ƙananan na'urorin hoto, IVUS ko OCT, su leƙa bangon jijiya daga ciki, amma wannan kam kuɗi ne, ka tambayi farashi kafin ka hau mota.