Yadda Ake Neman Blue Badge A Ingila Ga Wanda Tafiya Ke Yi Wa Wuya

Ranar da na kai kawuna ganin likita, sai can ƙarshen fili na samu wurin ajiye mota. Daga nan zuwa ƙofar asibiti sau uku ya tsaya. A na ukun ya dafa wani shinge da hannu biyu, yana haki, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi. Ga wurare masu alamar keken guragu a bakin ƙofa babu kowa, amma ba mu da ikon tsayawa, domin ba shi da katin da ake kira Blue Badge. Shekarunsa da yawa a Ingila, bai taɓa nema ba, saboda a zatonsa sai wanda ke kan keke ake ba. Da yawa daga cikin mutanenmu haka suka ɗauka, kuma ba haka ba ne.

Katin ya samo asali ne daga wata dokar kula da masu naƙasa ta 1970. An fara ba da shi a 1971 da launin ruwan lemo, aka mai da shi shuɗi a 2000. Ƙaramar hukumar da mutum ke zaune a yankinta ce ke bayarwa, kuma na mutum ne, ba na mota ba. Ko ba ka tuƙi kana iya samu, duk motar da ta ɗauke ka sai a sa shi.

Mataki na farko shi ne ka san rukunin da ka faɗa. Akwai waɗanda ake ba kai tsaye, muddin sun kai shekara 3. Cikinsu akwai mai karɓar tallafin DLA (kuɗin da gwamnati ke ba masu naƙasa) a mataki mafi girma na ɓangaren tafiya, da mai karɓar tallafin PIP (wani tallafin masu naƙasa da ake auna buƙatar mutum da maki) da ya samu maki 8 ko fiye a ɓangaren takawa da ƙafa, wato ba ya iya wuce mita 50, kusan rabin tsawon filin ƙwallo ke nan. Akwai wanda aka yi wa rajistar makanta, da wasu tsofaffin sojoji da suka ji rauni a bakin aiki. Haka nan mai PIP da aka ba maki 10 a kan cewa ba ya iya fita ko'ina saboda tsananin firgici da damuwa. In kana cikin waɗannan, takardar da aka tabbatar maka da tallafin ita ce hujjarka, aikinka ya yi sauƙi.

A nan dattawanmu ke ruɗewa. Wanda ya kai shekarun fansho kafin ya fara neman tallafi, Attendance Allowance ake ba shi, wato kuɗin taimakon dattijon da ke buƙatar kulawa, kuma wannan ba ya sa a samu katin kai tsaye. Sai mutum ya ji haka ya haƙura, alhali rukuni na biyu a buɗe yake gare shi.

Rukuni na biyu shi ne waɗanda sai an duba halinsu. Wanda ba ya iya tafiya sam, ko sai da taimakon wani ko sanda, ko yana tafiyar amma da azabar ciwo, ko numfashinsa na yankewa, ko tafiyar tana da haɗari ga lafiyarsa. Akwai direba mai naƙasa a hannuwa biyu da ba ya iya sarrafa na'urar biyan kuɗin fakin. Akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 3 da dole a riƙa yawo da manyan kayan jinyarsa, ko a kasance kusa da mota don gaggawa. Daga 30 ga Agustan 2019 kuma aka faɗaɗa tsarin a Ingila ya haɗa da lalurorin da ido ba ya gani, kamar ciwon mantuwa na tsufa, ko yaron da zai iya fizgewa ya faɗa titi bai san haɗari ba.

Abin da ya kamata ya zauna a ranka shi ne, sunan cuta ba ya ba da kati. Sikila, shan inna, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa, ciwon zuciya, duk abin da ake tambaya ɗaya ne: ya tafiyarka take? Mai sikilar da ƙashin ƙugunsa ya lalace yana iya cancanta, wani mai sikilar da ke zirga-zirgarsa lafiya bai cancanta ba. Kuma lalurar ta zama mai ɗorewa. Karayar da za ta warke cikin 'yan watanni ba ta shiga.

Mataki na biyu, tara takardu kafin ka buɗe fom. Hotonka na kwanan nan daga kai zuwa kafaɗa, shaidar ko kai wane kamar fasfo ko lasin tuƙi, shaidar adireshi kamar takardar harajin gida, lambarka ta National Insurance (lambar da ake biyan haraji da karɓar tallafi da ita), da takardar tallafi in kana karɓa. Ɗan rukuni na biyu ya ƙara da wasiƙun asibiti, sakamakon hoton ƙashi, jerin magungunan da yake sha, da sunayen likitocin da ke duba shi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tabbata rubutun ya fito.

Mataki na uku, cika fom a shafin gwamnati na GOV.UK, daga nan za a tura wa ƙaramar hukumarka. Ɗa ko 'ya ko wani na kusa zai iya cika wa mutum. Nan ne wurin da na fi so a natsu.

Da muka zo tambayar nisan da yake iya tafiya, na ce, "Kawu, me zan rubuta?" Ya ce, "Rubuta da sauƙi, Alhamdulillahi." Na ce, "Kawu, godiyar Allah tana nan, amma mutanen nan abin da aka rubuta kawai za su gani." Haka muka taso, dattijo ba ya kai kukan jikinsa, ko yana cije baki zai ce jiki da sauƙi. Wannan kawaici abin yabo ne a zaure, a kan fom kuwa shi zai hana ka haƙƙinka. Sai muka fita tare muka gwada. Daga ƙofar gida zuwa tashar bas ta kan layinsu na duba agogo, na ƙirga tsayawarsa, na lura da inda ya fara jan ƙafar hagu. Abin da muka rubuta ke nan: wurin da ya tashi, inda ya kai, minti nawa, hutu nawa, inda ciwon ke kama shi, da yadda yake wuni a kwance bayan ya dawo.

Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka rage. In jikinka yau da daɗi gobe babu, faɗi kwana nawa a mako kake shan wuya. In ka taɓa faɗuwa, rubuta.

Mataki na huɗu jira ne. Yawanci ana yanke hukunci cikin mako 12. Ana iya kiran ka wani ƙwararre ya ga tafiyarka da idonsa. Je da sandarka, ka yi tafiya yadda ka saba, kada ka daure don a ce kai jarumi ne. In an amince, kuɗin kati bai wuce fam 10 a Ingila, har fam 20 a Scotland, a Wales kyauta ne. In an ƙi, za a faɗa maka dalili. Nemi a sake dubawa, ka tura hujjar da ba ka tura da farko ba.

Kati ya zo, sai a san yadda ake aiki da shi. A ajiye shi a gaban mota ta yadda za a karanta daga waje, ɓangaren hoto yana ƙasa. Yana ba da damar tsayawa a wuraren da aka ware wa masu naƙasa a kan titi, da wuraren biyan kuɗi na gefen titi ba tare da biya ba, da kan layin rawaya na gefen titi, wanda ke hana fakin, har awa 3, in dai babu alamar hana lodi da sauke kaya. A kan layin rawaya dole a saita agogon kwalin da ke zuwa da katin ya nuna lokacin isowa. Filin fakin na manyan kantuna da asibitoci da filayen jirgin sama kowanne da ƙa'idarsa, a karanta allo. A tsakiyar Landan kuma, Westminster da City of London da Kensington and Chelsea da wani ɓangare na Camden suna da nasu tsarin dabam.

Wani abu da nake roƙon 'yan uwa: katin Baba na Baba ne. In ba ya cikin motar, kuma ba shi za a ɗauko ko a sauke ba, kada a sa shi, ko da saƙonsa aka je yi. Tarar tana iya kai fam 1,000, kuma ana iya ƙwace katin, a bar dattijo da tafiyar da aka so a rage masa.

Wa'adin katin bai wuce shekara 3, kuma ba ya sabunta kansa. Rubuta ranar ƙarewarsa a waya, ka sake nema tun saura kamar wata uku.