Yadda Ake Auna Al'ada da Ma'aunin Haƙƙin Ɗan Adam

Idan aka kawo maka wata al'ada ana son sanin matsayinta a dokar ƙasa da ƙasa, fara da gano haƙƙin da ta taɓa. Sashe na 4 na yarjejeniyar ICCPR ta 1966, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, ya hana jingine haramcin azabtarwa da bautarwa ko da an kafa dokar ta-ɓaci. Uzurin al'ada ba ya ceto a nan.

Sai ka duba ko ƙasar da ake yin al'adar ta yi togaciya, wato ta ware wani sashe ta ce ba zai hau kanta ba, lokacin da ta amince da yarjejeniyar. Sashe na 19 na Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1969 kan dokar ƙulla yarjejeniyoyi ya hana togaciyar da ta ci karo da ainihin manufar yarjejeniya. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne togaciya mai baki biyu, wadda ke cewa za a bi komai muddin bai saɓa wa dokar gida ba, domin ba wanda ya san abin da ƙasar ta ɗauka a wuyanta. Sauran ƙasashe na da wata 12 su nuna ƙin amincewa.

Daga nan ka tambayi wa ke magana da yawun al'adar, kuma wa take cutarwa. Sandra Lovelace, 'yar asalin ƙabilar Maliseet a Kanada, ta rasa matsayinta na 'yar ƙabila saboda ta auri bare, alhali namijin da ya yi haka ba ya rasa komai. A 1981 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce hana ta zama cikin danginta ya keta sashe na 27 na ICCPR, wanda ke kare al'adun tsiraru.