Kurakuran da aka fi yi wajen ɗinke tumbin kare

Kare ya haɗiye ƙashi ko tsumma, an buɗe tumbi an ciro. Sauran ɗinki, kuma nan ne aiki ya fi ɓaci.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar zaren kyatgot don arharsa. Wannan zare daga hanjin dabba ake yin sa, tumbi kuwa aikinsa ke nan narkar da nama. Ruwan tsamin tumbi da fefsin, sinadarin da ke narkar da nama, za su cinye shi tun rauni bai kama ba. Kwana na 3 zuwa na 5 bayan tiyata ne lokacin da ɗinki ya fi warwarewa, sai abin da ke tumbi ya tsiyaye cikin ciki, kare ya soma amai da zazzaɓi, cikinsa ya ƙage. A nemi zare mai sili ɗaya da ke narkewa sannu a hankali, irin PDS ko Maxon, mai kauri lamba 3-0, ko 2-0 da ya fi kauri ga babban kare. PDS kan yi makonni da ƙarfinsa, sai kusan wata 6 yake ɓacewa. Saƙaƙƙen zare kuwa yana jan ƙwayoyin cuta kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

Wasu kuma gani suke kaurin zare ne ƙarfi. Ina! Ƙarfin yana cikin bangon tumbin ne, a shimfiɗar nan fara mai tauri da ake kira sabmukosa, wadda ke ƙarƙashin fatar cikin tumbin. Duk sukan da bai kamo ta ba ɗinkin banza ne. Don haka a duba da ido a ga allura ta ratsa ta. A yi layi biyu: na ciki ya haɗa baki, na waje ya lanƙwasa gefen zuwa ciki ya rufe na farko.

Allura ta zama mai zagayayyen jiki. Mai kaifin gefe ta fata ce, tana keta nama. Kada a ja zare har nama ya yi fari, jini ne ya daina isa wurin. Zare mai sili ɗaya yana da santsi, ƙullinsa kada ya gaza zagaye 4, a ƙara a ƙarshen dogon ɗinki.

Da an rufe tumbi, a sauya safar hannu da kayan aiki kafin a taɓa bangon ciki.