Haƙori da ƙunzugu: yadda za ki bi da jaririnki daga wata shida

A gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, da zarar yaro ya kai wata biyar ko shida ya fara dalalar miyau yana cusa hannu a baki, sai ki ji an ce haƙori ne. In ya yi zawo, haƙori ne. In jiki ya ɗauki zafi rau, haƙori ne. Wannan kalma guda ita ke sa a zauna da yaro a ɗaki kwana uku, sai idanunsa sun zurma sannan a ruga da shi Asibitin Komfo Anokye cikin dare.

Dalilin da ya sa abubuwan ke haɗuwa a bayyane yake. A wata shida ne kariyar da yaro ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi koko, a lokacin ne yake fara jan ciki yana ɗaukar silifas da murfin kwalba yana kai wa baki. Ƙwayar cuta ta samu ƙofa, haƙori kuma ya zo a daidai wannan gaɓa, sai a ɗora masa laifin.

Abin da haƙori ke jawowa da kansa

Galibi na ƙasa guda biyu na gaba ne ke fara leƙowa, tsakanin wata 6 zuwa 10, sai na sama su biyo. Turame na farko kan zo bayan shekara guda, kuma sun fi takura wa yaro saboda faɗinsu. Kafin ya cika shekara uku, haƙoran nono 20 sun kammala. Wani yaron sai ya kusa shekara bai fitar da ko ɗaya ba, kuma lafiyarsa ƙalau. In ya kai wata 18 baki wayam, ki nuna wa likitan haƙori.

Alamunsa ba su da yawa: miyau, dasashi ya yi ja ya ɗan tasa, cizon duk abin da ya samu har da kan nono, ƙananan rigima, barci a gutsuttsure, ɗumin jiki kaɗan. Kwana uku zuwa mako guda, haƙori ya ɓullo, abin ya lafa.

Maganinsa na farko yana hannunki. Ki yanke farce, ki wanke hannu da sabulu, ki kwantar da shi a cinya, ki sa ɗan yatsa ki riƙa danna wurin da ya kumbura kina murzawa a hankali na minti ɗaya ko biyu. Da farko zai ture, daga baya za ki ji ya kama yatsan yana dannawa da kansa. Na biyu shi ne sanyi. Ki samu ƙaramin tawul mai tsabta, ki jiƙa gefe guda da ruwan da aka tafasa ya huce, ki matse, ki ƙulle bakinsa, ki sa a kwano mai murfi cikin firji na minti 20 zuwa 30, sannan ki ba shi ya tauna kina zaune kusa. Ranar da aka ɗauke wuta, ƙaramin cokalin ƙarfe da aka tsoma a ruwan sanyi mai tsabta ya wadatar. Kada ki sa komai a firiza har ya daskare, domin ƙanƙara na ƙona dasashi kamar yadda zafi ke yi. In za ki sayi zoben roba na taunawa, ki zaɓi dunƙulalle wanda babu ruwa a cikinsa, saboda mai ruwan yana iya fashewa a baki.

Miyau kan ci fatar haɓa da wuya. Ki riƙa dangwala masa kyalle mai laushi maimakon gogewa, ki shafa man kaɗe kaɗan, ki canza riga in ta jiƙe. Ki ƙara yawan ba shi nono, domin tsotson kansa yana kwantar da shi.

Kada a ba shi guntun karas ɗanye ko rake ya gwaigwaya. Da haƙori ɗaya ma yana iya ɓallo abin da zai toshe masa maƙogwaro. Kada a lasa masa zuma kafin ya cika shekara guda, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke saki jijiyoyin jariri har numfashi ya gagara. Kada a goga masa tafarnuwa ko kanwa ko man zafi a dasashi, kada kuma a bari wanzami ya tsaga wurin. Duk wani zare ko sarƙa a wuyan jariri haɗari ne, musamman lokacin barci. Ɗurar citta ko barkono da ake yi wa yara ta dubura da bentowa, wato robar ɗura, tana ƙona hanji, tana kuma ƙara tsiyayar da ruwan jikin yaron da ke zawo.

Sai magungunan kwalba da hoda da ake sayarwa da sunan maganin haƙori. A Najeriya, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka rasu bayan shan wani mai suna My Pikin, saboda an haɗa shi da sinadari mai lalata ƙoda. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan man dasashi mai sinadarin kashe zafi na benzocaine ga yaran da ba su kai shekara biyu ba, domin yana iya hana jini ɗaukar iska. Aspirin kuwa ba na yara ba ne sam.

In rigimar ta hana shi barci da shan nono, farasitamol na yara ya isa. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma nauyin yana rubuce a littafin awo. Yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120, wato mililita 5 na ruwan maganin da aka rubuta 120mg/5ml a jikinsa. A bar aƙalla awa 6 tsakani, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare, kada kuma a yi kwana biyu ana bayarwa ba a ga ma'aikacin lafiya ba. Ki karanta kwalbar da kyau: na ɗigawa ya fi na cokali ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki auna da sirinji ko murfin awon da ya zo da maganin, domin cokalin shayi kowane gida da girman nasa.

Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye. In ya nuna 38 ko fiye, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. Haka in yana zawo kamar ruwa sau uku ko fiye a yini, ko da jini, ko yana amayar da komai, ko ya ƙi nono, ko maɗiga ta faɗa, ko numfashi ya yi sauri, ko ya yi awa shida ƙunzugu a bushe. Kafin ku isa asibiti, ki ci gaba da nono, ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na masu zawo. Ki duba bayan takardar: wasu na mililita 600 ne, wasu na lita guda, ledar fiya wata kuwa 500 ce, saboda haka leda guda ba ta kai ba, kuma in ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi wa yaro yawa. Ana haɗawa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya haura wata shida, rabin haka ga na ƙasa da shi.

Ranar da haƙorin farko ya fito, a ranar ake fara wanke shi, safe da dare, da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa.

Zaɓen ƙunzugu

Kashin yaro kan canza a wannan lokaci saboda sabon abinci, ya ƙara wari da kaifi, shi ya sa ƙurajen gindi ke yawaita. Nafkin na yadi yana barin iska ta shiga, yana rage kashe kuɗi, yana kuma rage famfas ɗin da ke toshe kwatocin Zango da damina. Amma sai mai iya wanki kullum. Wadda ba ta da tabbacin ruwa, ta haɗa biyun: yadi da rana a gida, famfas da dare ko ranar zuwa awo. In za ki sayi famfas, ki guji wanda ake sayarwa tsirara daga dila, babu suna babu lambar rajista.

A kasuwar Kejetia za ki tarar da nafkin iri uku. Akwai farin nafkin mai kusurwa huɗu irin na tawul, wanda iyayenmu suka sani. Shi muka fi ba da shawara a Kumasi, domin shimfiɗa ɗaya ne, yana wankuwa har ciki, yana bushewa da wuri ko da hadari, yana jure ruwan zafi da guga. Mai santimita 60 kowane gefe ya yi wa ƙarami, mai 70 ko 75 ga wanda ya fara zama. Akwai mai maɓallai kamar wando, da aljihu a ciki inda ake zura matashin da ke shan fitsari. Yana da saurin ɗaurawa, amma yana da tsada, kuma in matashin na maikurofaiba ne, wato yadin zaren roba mai laushi, kada ya taɓa fatar yaro kai tsaye, domin yana busar da ita har ta tsage. Sai mai kauri na zaren gora, mai shan ruwa sosai, wanda a watan Yuni zai iya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Kafin ki biya, ki ɗiga ruwa kaɗan a kan yadin. In ya tsaya ƙwal-ƙwal yana gangarewa, roba ta yi yawa a zaren. Ki ɗaga shi ga haske ki ga yawan saƙar, ki ja bakin ɗinkin. Sabuwar auduga ma ba ta shan ruwa sosai sai an wanke ta sau uku ko huɗu, don haka kada ki ɗaura daga leda.

Sabon haihuwa na ɓata 10 zuwa 12 a yini, ɗan wata shida 6 zuwa 8. Guda 24 za su riƙe ki ko ruwan sama ya hana shanya. Ki haɗa da wandon saman da ke tare jiƙa guda huɗu ko biyar, mai taushi mai yadi a waje. Tsohon wandon leda mai ƙaras-ƙaras yana dafa fata a zafin nan namu. Tsohuwar atamfar auduga da ta sha wanki ta yi laushi, ki yanka ta tsawon tafin hannu biyu ki riƙa shimfiɗawa a ciki, ita za ta tare kashi.

Wajen naɗewa, ki shimfiɗa nafkin kusurwa ɗaya na kallonki. Ki kawo kusurwar dama da ta hagu su haɗu a tsakiya, ya zama sama da faɗi ƙasa da tsini. Ki karyo kusurwar sama ta sauko, ki ɗago tsinin ƙasa gwargwadon tsawon yaro. Ki ɗora shi faɗin na daidai ƙugunsa, ki zaro na ƙasa ta tsakanin cinyoyi, ki kawo gefe biyu a kai. In da fil za ki kama, yatsunki biyu su kasance tsakanin yadi da cikinsa, fil ɗin a kwance, tsininsa na kallon waje. Ki tura bakin yadin ciki a zagayen cinya, ki tabbatar ko ɗan zare bai leƙo ta wandon sama ba, domin ta nan fitsari ke bi ya jiƙa zanen goyo. Yatsa biyu su iya shiga a ƙugu.

Wanki

Nan ne nafkin ke gyaruwa ko ya lalace. Ki kakkaɓe kashi a masai, ki fara ɗauraye da ruwan sanyi, domin ruwan zafi na dafa tabon ya kama. Ki matse ki ajiye a bokiti mai murfi ba tare da ruwa ba. Jiƙa na kwana yana tayar da wari yana cin zare, kuma bokiti mai ruwa tarko ne ga yaro mai rarrafe.

Da safe ki haɗa tafasasshen ruwa da na sanyi daidai wa daida, zai ba ki zafin kusan digiri 60. Ki zuba garin sabulu marar ƙamshi mai yawa, ki juya da sanda, ki bar su minti 20 zuwa 30, in ya huce ki cuɗa. Sabulun sanda kan bar dauɗa a zare in ruwan rijiya ko na burtsatse ne. Ki ɗauraye sau uku, har ruwa ya fita babu kumfa. Sabulun da ya maƙale shi ke haɗuwa da fitsari ya ba da warin da ke hawa ido, ya kuma ƙona fata. Ki ware wa wannan aiki galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar ruwa, ɗaya ko fiye. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi yana lulluɓe zare ya hana shi shan ruwa, ki bar shi. Bilic sai bayan zawo ko in gwanjo kika saya: cokalin cin abinci ɗaya a lita biyar na ruwan sanyi, minti 30, kuma bayan an riga an wanke, domin haɗuwarsa da fitsari na tayar da iska mai cutarwa.

Ki shanya a igiya cikin rana, kada a ƙasa ko kan ciyawa ko a inuwa. Akwai ƙudan da ke neman kaya masu ɗanshi da warin fitsari ya zuba ƙwai, tsutsar ta huda fatar yaro ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Guga mai zafi ciki da waje na kashe ƙwan. Wandon sama da mai maɓallai ba a goge su, ba a tafasa su, robar cikinsu za ta ɓare.

Kada ki jefa kafur cikin akwatin kayan jariri. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma warin kafur kaɗai na iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani.

Ki canza ƙunzugu duk awa biyu zuwa uku, nan take in kashi ne. Ruwa da auduga sun isa, mace daga gaba zuwa baya. Ki bar shi minti goma a kan tawul ya sha iska, sannan ki shafa man kaɗe siriri. Hoda na dunƙulewa a matsematsi, ƙurarta kuma na shiga huhu. In fata ta yi ja, man zinc oxide da yawan shan iska kan gyara ta cikin kwana uku. In jan ya yi jawur, ya shiga cikin lanƙwasar cinya, da ƙananan ɗigo a kewaye, wannan ƙwayar fangas ce: ki leƙa bakinsa ko akwai fari-fari a harshe da kumatu, ki kai shi a rubuta maganin da ya dace. Mayukan kemis masu haɗi uku da manya ke shafawa suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroid, a ƙarƙashin ƙunzugu kuma fatar jariri na shanye shi ninki, saboda haka kada su kusanci gindinsa.