Yadda Ake Sauraron Kundin Farko na Arctic Monkeys a Damagaram

A ranar 23 ga Janairu 2006 Arctic Monkeys, ƙungiyar kiɗa ta wasu samari huɗu daga Sheffield, garin da ya yi suna da masana'antun ƙarfe a arewacin Ingila, suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko mai suna Whatever People Say I Am, That's What I'm Not. An sayi kwafi fiye da 360,000 a makon farko, abin da babu wani kundin farko da ya taɓa yi a Birtaniya kafin lokacin, kuma a cikin shekarar ya ci lambar yabo ta Mercury. Duk da haka, wanda aka kunna masa waƙa ɗaya daga ciki a fada, wato majalisar hirar samari, daga ƙaramar lasifikar salula, ana hira ana dafa shayi, hayaniya kawai zai ji. Kundin yana buƙatar a shirya masa, kuma shirin ba shi da wuya.

Da farko a samo shi cikakke. Waƙoƙi 13 ne, tsawonsu duka kusan minti 41, kuma jerinsu yana da ma'ana, domin an tsara su kamar labarin dare guda na ƙarshen mako a gari ɗaya, daga ɗokin yamma har zuwa gajiyar asuba. Masu tura waƙoƙi a katin salula sukan jera su bisa haruffan sunayensu, sai labarin ya wargaje. Idan a YouTube ko wata manhaja za ka saurara, kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, sannan ka tabbata ta farko ita ce The View from the Afternoon, ta ƙarshe kuma A Certain Romance. Ka nemi abin sauraro na kunne mai kyau, ka zaɓi lokacin da gari ya yi shiru bayan isha'i, sa'ad da ƙarar kabu-kabu ta ragu.

A sauraro na farko ka bar maganar kalmomi gaba ɗaya, ka bi ganguna. Matt Helders ne makaɗinsu, kuma shi ne ke jan ragamar yawancin waƙoƙin. Kunnen da ya saba da kalangu, ko da tamburan ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, ya riga ya san yadda ganga take kira a amsa mata, don haka ba baƙon abu zai tarar ba. A waƙar farko akwai wurin da kiɗan ke tsayawa cak kamar an gama, sai ya dawo da ƙarfi. Wanda ya kama wannan ya kama halin kundin. Daga nan ka raba jita biyun da kunnenka, ta Alex Turner, mawaƙin ƙungiyar, da ta Jamie Cook, waɗanda sau da yawa ɗaya ke jefa gajeren sauti ɗaya na mayar mata, yayin da jita mai kaurin murya ta Andy Nicholson ke riƙe da ƙasa.

Sauraro na biyu na kalmomi ne, kuma a nan aikin yake. Turner yana da shekara 19 lokacin da aka ɗauki waƙoƙin a 2005, kuma ya rera su da karin harshen unguwarsu, High Green, bai gyara bakinsa ya yi kama da na Landan ko na Amurka ba. Ko wanda ya yi Ingilishi sosai a makaranta zai sha wuya, balle mu da akasarinmu da Faransanci muka yi karatu. Ka nemo rubutattun baitocin ka buɗe su a gabanka, kana ji kana bi da ido. Fassarar na'ura zuwa Faransanci za ta ba ka gundarin zance, amma takan yi tuntuɓe a kalmomin gida. Misali, kalmar farko a sunan waƙa ta tara, Mardy Bum, ta mutanen yankin ce, tana nufin mai yawan kumbure-kumbure da fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma waƙar saurayi ne ke lallashin budurwarsa mai wannan hali.

Zai taimaka ka san inda kowace waƙa ta tsaya a cikin daren. Ta biyu, wadda ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Oktoba 2005, a filin rawa take. Ta bakwai, mai sanyin kiɗa, samari ne da motar ƴan sanda. Ta takwas a cikin tasi take ana hanyar komawa gida, ta goma sha biyu kuma rigima ce da masu gadin ƙofa. Wadda na fi so a tsaya a kanta ita ce ta uku, Fake Tales of San Francisco, inda Turner ke caccakar mawaƙan yankinsu masu kwaikwayon Amurkawa alhali kowa ya san garin da aka haife su. Duk matashin da ke waƙa a unguwar Zango ko Birni ya kamata ya ji ta sau uku, domin mu ma muna da masu jin kunyar Hausar Damagaram idan sun tsaya gaban makirufo, suna aron bakin wani gari, alhali waɗannan yara da bakin unguwarsu suka cika ƙasarsu.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da abin da ke ciki. Akwai giya da gidajen rawa, hoton bangon ma mutum ne yana zuƙar taba, kuma waƙa ta goma sha ɗaya, When the Sun Goes Down, a kan mace mai zaman kanta take da mugun mutumin da ke cin gajiyarta. Ba abin kunnawa a gaban yara ba ne. Amma mai sauraro da natsuwa zai ga cewa mawaƙin tausayin matar yake ji, kuma fushinsa a kan mutumin yake.

Bayan kunne ya saba, ka nemi tsofaffin ɗaukar gwaji da ƙungiyar ta riƙa rabawa kyauta a faifan CD a wuraren wasanta, waɗanda masoya suka ɗora a intanet tun kafin kamfanin Domino, mai zaman kansa a Landan, ya ɗauke su. Ka kwatanta su da na kundin, wanda Jim Abbiss ya kula da ɗaukarsa, za ka ji abin da aka ƙara da abin da aka bari da kaushinsa da gangan.

Waƙar ƙarshe kuwa kada a katse ta. Ta fi minti biyar, tana magana a kan samarin unguwa masu faɗa da rashin kunya, tana kushe su amma ta ƙi yarda a raba ta da su, sannan muryar ta yi shiru ta bar jita da ganguna su ƙarasa zancen. Ka bar abin sauraron a kunnenka har sautin ƙarshe ya mutu.